Tsohuwar rediyon katako mai bawul (ƙwayayen gilashin da ke cikin tsofaffin rediyo): yaya suka lanƙwasa kan nan nata?

Mai_Tsohon_Kaya:
Assalamu alaikum jama'a. Na samu wata tsohuwar rediyo irin ta ɗora kan tebur, jikinta duk katako, samanta a lanƙwashe kamar bakan gizo, an rubuta Philco a gaba. Abin da ya ɗaure min kai shine yadda akai aka lanƙwasa katakon nan bai tsage ba, ko sassaƙa shi akai daga gungume guda? Sannan fentin ya dushe wani gefen ma ya fara ɓarewa, ina so in bi ta da samfefa in sake mata fenti kafin in jona ta da wuta. Dan Allah masu sani a taimaka.

Kafinta_Dattijo:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka ajiye samfefar nan tukuna dan girman Allah. Ba gungume bane, filawud ne. Siraran fallayen katako ake shafa wa gam a jera su a kan wani ƙirar katako mai siffar bakan, a matse su har gam ɗin ya bushe, in an cire sai ya tsaya a haka. Wannan kyakkyawan zanen da kake gani a sama falle ne na itacen walnot wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kana ɗan dannawa da samfefa zaka huda shi ka tarar da farin katako a ƙasa, kuma daga nan babu gyara. Wasu ma da akai a ƙarshen shekarun 1930 ba katako bane a saman, hoton zanen itace ne aka buga aka manna dan a rage kuɗi, wannan kam ko sinadarin cire fenti ya taɓa shi ya tafi kenan.

Gefen da ya ɓare abu ne mai sauƙi. Gam ɗin lokacin na fatar dabba ne, ɗumi da danshi suna narkar da shi, sai ka tura sabo a ƙarƙashin fallen da bakin siririyar wuƙa, ka ɗora takarda ka matse ya kwana. Kuma duba bakin gindinta da ginshiƙan gefe, zaka ga sun fi duhu, itace ne mai araha suka fesa wa fenti mai launi dan ya saje da sauran. Ni a ganina wannan dabarar ita ce gwanintar, mutanen nan sun san inda zasu kashe kuɗi da inda zasu ɓoye.

Injiniya_Bawul:
Baba ya gama magana akan katako, ni wutar ce ta tsorata ni. Kar ka jona ta kai tsaye wlh. Kafasitocin ciki, wato ƙananan kayan da ke riƙe cajin wuta, na takarda da kakin zuma ne, bayan shekara tamanin da ɗoriya sun riga sun lalace, suna iya ƙona maka taransifoma cikin minti kaɗan. A canza su tukuna, sannan a tayar da ita ta hanyar jona ta yadda wutar zata fara bi ta cikin ƙwan fitila mai zare, in ƙwan ya haska sosai akwai matsala a kashe. Kuma ta Amurka ce, wutar 110 zuwa 120 take ci, in taku 220 ce sai da na'urar rage wuta. Wasu ƙananan na baya ma basu da taransifoma sam, farantin ƙarfen ciki na iya ɗaukar wuta ya ja mutum.

Kar kuma ka toshe bayanta da katako wai dan ƙura, bawul zafi yake fitarwa, da gangan aka bar wajen a buɗe.

Ummu_Tarihi:
Masha Allah ka yi dace. Irin wannan siffar ta yi tashe ne a farkon shekarun 1930, bayan karyewar tattalin arziki na 1929 mutane sun kasa sayen manyan rediyoyin nan masu tsayawa a ƙasa kamar kabad, sai kamfanoni suka koma yin ƙanana masu sauƙin kuɗi. Philco a birnin Filadelfiya na Amurka yake a lokacin, kuma samfurinsu mai lamba 90 na 1931 wanda Edward Combs ya zana akwatinsa yana cikin waɗanda masu tara tsofaffin rediyo suka fi nema. Kamfanin rediyo na Emerson kuma, kamfanin agogo na Ingraham ne yake musu wasu akwatunan, shi yasa lanƙwasarsu ta fita daban. Daga baya roba irin Bakelite ta karɓe kasuwar ƙananan dan ita zubawa kawai ake a ƙira, ba kafinta ba jiran gam. Leƙa ciki ko bayan farantin ƙarfen, galibi akwai takarda ko tambari mai lambar samfurin. Yadin da ke gaban sifika ma in bai yage ba ka barshi, samun irin saƙarsa yanzu aiki ne.

Mai_Tsohon_Kaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, samfefa ta koma aljihu. Baba in goge ƙurar da ɗanyen tsumma ko busasshe? Zan duba lambar anjima in turo hotonta.