Ta yaya ake shiga Technical Fellowship na Polkadot?

Sadiq_Rust:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman bayani a kan shiga Technical Fellowship na Polkadot, wato ƙungiyar ƙwararrun da ke kula da ainihin kod ɗin sarƙar blockchain ta Polkadot. Ina rubuta kod da harshen Rust, na kuma gina ƴan kwantiragi, wato smart contracts, da harshen ink!, amma ban taɓa sa hannu a ainihin kod ɗin sarƙar ba. Takarda ake cikewa ko zaɓe ake yi? Kuma yawan DOT, wato kuɗin Polkadot, da mutum ya mallaka yana da tasiri? Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malam_Bashir:
Wa alaikumus salam Sadiq. DOT ɗinka ba ya ƙara maka komai a nan. A OpenGov, tsarin zaɓen masu DOT, ne ake auna ƙuri'a da yawan kuɗi. A Fellowship daraja ake dubawa, daga 0 zuwa 9, kuma aiki ne kawai yake kawo ta.

Kafin ka rubuta komai ka karanta kundin manufofin ƙungiyar, musamman wurin da ya iyakance fagenta, don a nan yawancin masu nema suke faɗuwa. Abin da ake ƙirgawa shi ne abin da sarƙar ba za ta yi aiki ba sai da shi: runtime (kod ɗin da ke ɗauke da dokokin sarƙar), FRAME, XCM, Cumulus, hanyoyin cimma matsaya wato BABE da GRANDPA, tantance aikin parachain (sarƙoƙin da ke jone da Polkadot), da gadojin da ba sa dogaro da amintar wani. Iya Rust kansa ba ya cikin lissafi. Haka ink! da subxt, duk da amfaninsu, an ware su a waje. Saboda haka kwantiraginka sun nuna ka iya aiki, amma ba za su zama hujja ba.

Daraja ta 1 tana neman gudummawa uku bayyanannu, ba sai manya ba, amma masu nauyi, ga ci gaban ainihin tsarin. Gyaran kuskuren rubutu a cikin bayanai ko ɗaga lambar sigar wani laburare ba ya shiga ciki. Ka je ma'ajiyar polkadot-sdk a GitHub, inda aka haɗe Substrate da Polkadot da Cumulus a 2023, ka nemi matsalolin da aka yi wa alamar masu farawa ko ta waɗanda ke da mai jagora. Ka zaɓi yanki ɗaya ka zauna a kai. PR uku, wato gyaran kod da ka miƙa a duba, a pallet (ɓangaren runtime) ɗaya, waɗanda mutum ɗaya ko biyu suka duba har suka san hannunka, sun fi goma a warwatse. Dalili kuwa, waɗannan masu dubawar su ne za su iya tsaya maka ranar ƙuri'a.

Hajiya_Rabi_dev:
Malam Bashir ya gama da batun cancanta, bari in kawo yadda abin yake gudana a kan sarƙa, don mataki biyu ne kuma mutane suna haɗe su.

Ƙungiyar tana zaune a kan sarƙar Collectives ne. Da farko ka ware asusu ɗaya da zai zama naka na dindindin, ka saka masa shaidar suna a sarƙar People tare da sunanka na GitHub, don masu ƙuri'a su iya haɗa adireshin da aikin. Ka tura ɗan DOT zuwa Collectives saboda kuɗin aika umarni. Da yawa sukan zo aikawa su tarar ba su da ko sisi a can, kuɗinsu yana wata sarƙar.

Mataki na farko shi ne zama ɗan takara, wato daraja ta 0. Ba kai ne za ka shigar da kanka ba, wani mamba mai wannan iko ne zai kira umarnin induct da adireshin asusunka. Shi ya sa ake rubuta takardar nema a bainar jama'a: wane ne kai, wane yanki ka ƙware, ga mahaɗin kowane PR. Ɗan takara ba shi da ƙuri'a, ba shi da albashi, kuma ba a zama a wannan matsayin har abada, akwai wa'adin da in ya wuce za a iya cire mutum.

Mataki na biyu shi ne hawa daraja ta 1. Za ka rubuta hujjarka bisa tsarin da ke ma'ajiyar Evaluations ta polkadot-fellows, sannan ka aika ta kan sarƙa da submitEvidence, ka zaɓi Promotion. In ka zaɓi Retention bisa kuskure, roƙon riƙe matsayi ka aika, ba na ƙarin girma ba. Aika hujja kuma ba ya buɗe ƙuri'a da kansa. Sai wani mamba ya buɗe ta a kan layin ƙuri'a da ya dace, an kuma ajiye kuɗin jingina na yanke hukunci, in ba haka ba za ta zauna har lokacinta ya ƙare ba tare da an ƙirga ta ba. Masu jefa ƙuri'ar su ne waɗanda suka fi darajar da ake nema da mataki biyu, wato ƴan daraja ta 3 zuwa sama ne suke yanke hukuncin shiga ta 1. Nauyin ƙuri'a yana hawa 1, 3, 6, 10 gwargwadon yadda mutum ya zarce mafi ƙarancin darajar wannan layin, don haka babba ɗaya da ya ce a'a yana iya rinjayar ƙanana da dama.

A cikin hujjar kada ka jera mahaɗai kawai. Kowane aiki ka faɗi matsalar da ya warware, me ya sa ka bi wannan hanyar ba wata ba, da ko ya shiga runtime da ke aiki yanzu. Inda aikin na haɗin gwiwa ne ka fayyace naka ɓangaren, domin za su buɗe tarihin kod ɗin su gani.

Sadiq_Rust:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, in mutum ya samu daraja ta 1 shi ke nan ya zauna? Kuma gaskiya ne ana biyan albashi?

Injiniya_Nura:
Ba a zama, Sadiq. Ƴan daraja ta 1 da ta 2 suna sabunta matsayinsu kusan duk wata uku: sabuwar hujja, wannan karon da Retention, da sabuwar ƙuri'a. In wa'adin ya cika ba a amince ba, kowa ma yana iya kiran bump, sarƙar ta sauke ka mataki ɗaya ba tare da an tambayi kowa ba. Ka aika hujjar da makonni a hannu, saboda ƙuri'ar kanta tana cin kwanaki, kuma ranar amincewa ake dubawa, ba ranar da ka aika ba.

Albashi akwai. Yadda RFC 50, takardar shawarar da ta tsara albashin, ya tanada, daraja ta 1 dala 10,000 ce a shekara, ta 2 dala 20,000, ta 3 dala 80,000, kuma wanda ya ayyana kansa a matsayin mara cikakken aiki rabi yake karɓa. RFC ɗin ya tsara a biya da USDT, kuɗin dijital da ke bin darajar dala, a sarƙar Asset Hub. Ba ya zuwa da kansa: kowane zagaye na kwana 30 ne, 15 na farko ka yi rajista, 15 na biyu ka karɓa. Ka duba adadin da ke kan sarƙa a lokacin da ka shiga, don ƙuri'a tana iya sauya shi.

Abu ɗaya da nake so ka sani tun yanzu: ɗan daraja ta 1 ba ya cikin masu saka sabunta runtime a jerin amintattu don ya bi layin Whitelisted Caller na OpenGov, wannan na ƴan daraja ta 3 zuwa sama ne, kuma ko su sun amince, masu DOT ne suke da maganar ƙarshe a OpenGov. Amma sharhi a kan RFC da duba PR na wasu a ma'ajiyar runtimes a buɗe suke ga kowa, ko bai zama ɗan takara ba. Ka fara da su a layi ɗaya da PR ɗinka na farko. Ka kuma saka wa asusun naka wakili, wato proxy, ka ajiye ainihin makullin a na'urar da ba ta hawa intanet, don darajar tana manne ne da adireshin, sauya shi kuma sai an bi ta wata ƙuri'ar.