Injin motata na ihu kafin giya ta shiga, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu sanin mota, don Allah a agaza mini. Corolla ce da ni ƙirar 2006, otomatik, tokumbo na saye ta shekara uku da suka wuce, da ita nake neman abinci a Legas tsakanin Agege da Ikeja, wani lokacin har Obalende. Yau sati uku ke nan ta tsiro da wata ɗabi'a. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu lafiya lau. Amma da ta zo shiga ta uku sai injin ya kwarara ihu, allurar juyin inji ta tashi daga 2,500 ta haura 3,500, gudu kuwa bai ƙaru ba, kamar an jefa ta a firi. Sai can giyar ta shiga da ɗan bugu. Da sassafe ba ta cika yi ba. In rana ta take, na sha gosulo, to ranar ba zaman lafiya. Jiya a kan gadar Third Mainland ta yi mini sau uku, har matar da na ɗauko ta riƙe kujera tana cewa in sauke ta.

Na kai wa wani bakanike, ko bonet bai buɗe ba. Ya zagaya layi ɗaya da ita, ya dawo ya ce giyabos ya mutu, in shirya mu je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, mu ɗauko wani. Kuɗin da ya kira mini sai da na zauna. Shin babu wata hanya?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam. Malam, otomatik in ta fara wannan sai dai haƙuri. Ka wanke ta tas ka sayar tun tana tafiya.

Baban Yara: Haba ɗan'uwa, ya sayar wa wa? Wani bawan Allah ya kwashi wahala? Ni dai tawa ta taɓa irin haka, aka wanke mini maƙogwaron totur da feshi, shi ke nan ta daina. Gwada wannan tukun, ba shi da tsada.

Oga Bakanike, Idi-Araba: Baban Yara, ina jin ciwon taka daban ne da na tasa. Ihun inji iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Akwai wanda laifin inji ne: ka ɗaga ƙafa daga totur amma allura ta ƙi sauka, ko ka tsaya cak a P ka ga silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, ya yi sama. Inji mai lafiya in ya yi zafi, silonsa wajen 700 yake zama. In ka gan shi a 1,200 ko yana hawa da sauka, sai a nemi datti a maƙogwaron totur, ko tiyo da ya tsage yana shan iskar sata. Akwai kuma wanda laifin giya ne: ƙafarka na kan totur, giya ɗaya ta saki, ta gaba ba ta kama da wuri ba, sai inji ya samu kansa ba kaya a wuya, ya zabura. Mai tambaya, yadda ka kwatanta, wannan na biyun ne.

Kafin in ce komai, amsa mini. Silonka nawa ne a tsaye? Wutar inji ta kama a gaban mota? Yaushe rabonka da man giya, kuma wane iri aka zuba?

Mai tambaya: Oga, Allah ya saka da alheri. Silo ƙasa da 1,000 kaɗan yake, bai canza ba. Wuta ba ta kama ba. Man giya kuwa, da azumin bara wani yaro a bakin titi ya ce ya yi ƙasa, ya ƙara mini kwalba biyu. Wallahi ban duba sunan ba, na dai ga ja ne.

Oga Bakanike, Idi-Araba: To ka ji. "Na dai ga ja ne." Zoɓo ma ja ne, Malam.

Gobe ga abin da za ka yi da hannunka. Ka tuƙa ta minti goma sha biyar ta yi zafi. Nemi wuri shimfiɗaɗɗe, kada ka kashe inji. Taka birki, ka bi da sandar giya ta kowane gida, R, N, D har ƙasa, ka dawo P. Zaro gejin man giya, ba na baƙin mai ba, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Dole mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu na zafi. Toyota da inji a kunne ake auna ta. Masu Honda kada ku kwaikwaya, taku sai an kashe.

Sannan ka ɗiga man a kan farar takarda ka duba shi a rana. Ja garau, madalla. Ruwan ƙasa, ya tsufa. Baƙi mai warin ƙauri kamar tuwo ya kama tukunya, faifan kulocin da ke ciki sun fara ƙonewa. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wannan kam sai buɗewa.

Dalilin da na nace a kan mai shi ne, a otomatik mai ne ke yin aikin ƙafar direba. Ƙarfin turinsa ne ke matse faifan kowace giya. In ya yi kaɗan, famfo ya riƙa zuƙar iska, matsewar sai ta makara. In ya yi zafi kuma ya tsinke kamar ruwa, shi ya sa take lafiya da safe, ta rikice bayan ka yi awa biyu kana birki da totur a Oshodi. Corolla daga 2003 zuwa 2008 man T-IV take sha, galibi a rubuce ma yake a jikin gejin. WS na waɗanda suka biyo baya ne. Ba a cakuɗa su da ka.

Hajiya mai Sienna: Sannunku. Oga ya manta abu ɗaya, ruwa. Damina biyu da suka wuce na kutsa ambaliya a Lekki, ruwa har ƙofa. Bayan kwana huɗu mota ta fara irin wannan kukan. Da aka zaro geji sai ga mai ya koma fari-fari, kamar an dama madara da jan kala. Sau uku aka juye shi. Ƙanena, in ka shiga ruwa kwanan nan ka faɗa.

Oga Bakanike, Idi-Araba: Gaskiyarki Hajiya. Kuma ko bai shiga ambaliya ba, man giya yana bi ta cikin lagireto don ya huce. In bututun nan na ciki ya fashe, ruwa da mai su haɗu. A buɗe murfin lagireto da safe, inji a sanyi, a ga ko mai na yawo a sama.

Rewaya, Agege: Ni ta ɓangarena zan yi magana. Rashin kamawar wuta ba hujja ba ce, motocin da suka ratsa hannu da yawa wasu an cire musu ƙwan tun kafin su iso gare ka. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, in wutar inji ba ta nuna ba sam, an taɓa ta. Ka sa a jona mata kwamfuta. In ta fito da P0751 ko P0756, maganar solonoyid ce, waɗannan ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya. A ƙasan giyabos suke, tire kawai ake kwancewa, ba sai an sauke komai ba. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin a goge ta.

Batun wanke totur kuma, ƙirar Amurka daga 2005 ba waya ke jan sa ba, na lantarki ne. Yaro ya danna shi da ƙarfi yana wankewa, ka tashi da sabon ciwo.

Ɗan Mile 12: To ai sai ya kai a yi masa wankin ciki da na'ura gaba ɗaya, a huta.

Oga Bakanike, Idi-Araba: A'a. Giyar da ta fara sulɓi ba na sa mata wannan na'urar, tana iya taso da dattin da ya kwanta ya toshe hanyoyin mai. A kwance notin ƙasan tire, abin da zai zubo wajen lita uku ne cikin kimanin bakwai. A sauke tire, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a duba matata, a zuba na ƙwarai. Bayan sati a maimaita.

Direban bas, Obalende: Mu masu manuwal fa? Tawa ma tana ihu a hawa.

Oga Bakanike, Idi-Araba: Taka mai sauƙi ce. Sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka taka totur sosai. In allura ta tashi mota ba ta bi ta ba, faifan kulocinka ya cinye. Ka kuma daina ɗora ƙafa a kansa cikin gosulo.

Mai tambaya: Jama'a na dawo. Na auna yadda Oga ya ce, man ko alamar sanyi bai kai ba. Launinsa ruwan ƙasa mai duhu, akwai ɗan ƙauri amma babu ƙarfe, babu ruwa. Da aka ɗaga motar sai ga wajen da shaf ɗin hagu ke shiga giyabos ya jiƙe sharkaf, robar ta mutu, ashe ta nan yake tsiyaya. Ban taɓa lura ba don a kan ƙasa nake kwana da ita. An canza robar, an juye mai, an zuba T-IV. Kwamfuta ba ta nuna komai ba. Kwana biyar ke nan, ihun ya ragu ƙwarai, sai dai jiya da yamma a Ikorodu Road ta ɗan yi sau ɗaya, allura ta ɗaga kamar 300 ta koma.

Oga Bakanike, Idi-Araba: Faifan sun ɗan ji jiki ke nan, amma da sauransu. Yi juyi na biyu ranar Asabar. In ka ji za ta shiga ta uku, sassauta ƙafa kaɗan ka bar ta ta kama. Bayan sati biyu ka sake ɗiga man a takarda ka turo mana hoto. In ya sake yin baƙi, a nemi wanda zai auna ƙarfin turin mai da agogo kafin kowa ya kama hanyar Ladipo.

Mai tambaya: In sha Allah, Oga. Wancan bakaniken ma ya kira ni ɗazu, wai ya samo mini giyabos mai kyau. Na ce masa ina kan hanya da fasinja.