Wiski da cuku: don Allah a ba ni shawara

Jama'a kaina ya ɗaure fa. Asabar mai zuwa abokan maigidana su 6 za su zo gidanmu a Rayfield, Jos, wai ɗanɗanon wiski da cuku, kuma ni aka ɗora wa shiri alhali ko sha ban cika yi ba.

Kwalba 3 ne, Jameson, Glenfiddich mai shekara 12, sai Laphroaig na Sikotland da ƙaninsa ya kawo tsaraba. Jiya muka gwada mu biyu, Jameson da cukun Cheddar lafiya lau, amma muna kurɓar Laphroaig ɗin nan shi kenan baki ya koma hayaƙi kamar an kashe gawayi a ciki, cukun Gouda ɗin ma sai ka ce roba kake tauna. An ce cukun nan mai shuɗi-shuɗi ke iya masa, na zaga kasuwar Terminus har na gaji ban samu ba.

To in bar Laphroaig ɗin sai ƙarshe ne, ko in haɗa shi da kilishi kawai a huta? Busasshen cukun Agadas fa, akwai wanda ya taɓa gwadawa? Sannan yaushe ake fito da cuku daga firij, don na jiya kafin mu zauna har ya fara gumi a faranti.