Tun da Baba ya yi ritaya, waya ta zama jaridarsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifina ya yi ritaya bara. Da can labarai a rediyo yake ji da safe, sai jaridar ofis, kuma in ya kawo zance akwai abokan aiki da za su ce masa ba haka ba ne. Yanzu an saka shi a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ma'aikata da na 'yan ajinsu, duk abin da aka turo ya zama gaskiya. Yau a ce an dakatar da fansho, gobe a ce maganin da yake sha yana kisa. Barcinsa ya ragu, ga hawan jini. Ina tsoron in yi magana ya ga kamar raini ne.

Wani mai ritaya: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki raba shi da zaurukan nan. Ranar da mutum ya ajiye aiki, abokan hira ya rasa, a can yake samun su. Rediyonsa za ki mayar masa. In ya fara jin labarai daga gidan da ya sani da safe, abin da zai tarar a waya bayan nan ba zai firgita shi sosai ba.

Wata 'yar uwa: Dattijon da ya ba ki amsa ya yi gaskiya, amma maganar magani ba ta jira. Ki roƙe shi kada ya daina shan komai sai ya tambayi likitansa. Sannan ki nuna masa alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa. Tun 2020 kamfanin ya taƙaita irin wannan saƙo, wuri ɗaya ake iya tura shi a lokaci guda, saboda jita-jita. Wanda ya turo masa ma bai san inda ya fito ba. In hoto ne, Google Lens, wato manhajar binciken hoto ta Google, yakan nuna ko tsoho ne aka sake yaɗawa.

Wani ɗan uwa: In yana Facebook ma ki duba. Abin da mutum ya tsaya a kai ya kalla, irinsa ake ƙara kawo masa, shi ya sa mai kallon tashin hankali ba ya rabuwa da shi. Ki kashe masa ƙarar zaurukan, waya ta kwana a falo.

Wani mai ritaya: Ta kashe da izininsa dai, malam. Dattijo ba yaro ba ne. 'Yata, ki riƙa kai masa saƙo kina cewa, "Baba, duba mana wannan, gaskiya ne kuwa?" Da kansa zai fara bincike.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da maganar likitan zan fara, yau in sha Allah.