Yadda za mu karrama jami'ar walwala da ta cika shekara 35 tana aiki

Da muka zauna kan sallamar jami'ar walwalar marasa lafiya da za ta yi ritaya daga asibitin gwamnati, baki ya zo ɗaya a kan abu guda: a rubuta aikinta dalla-dalla. Likita ana ganin tiyatarsa, ita kuwa wahalarta ba ta fitowa a kati. Wata nas ta tuna ranar da aka tsinci jariri a bakin ƙofa, Hajiya ta wuni tana zirga-zirga tsakanin 'yan sanda da gidan marayu, ko ruwa ba ta sha ba. Wani ya kawo batun masu tarin fuka da ke yar da magani kafin wata 6 su cika, tana bin su har gida. Irin waɗannan za a tattara cikin takardar yabo, shugaban asibiti ya sa hannu.

Kan kyauta aka ɗan ja. Allon yabo ƙura kawai yake sha a bango, gaskiya ne. Mafi yawa sun ce gara a bi mata takardun fansho da garatuti kada su kwanta a ofis. An tsayar da Talata ta uku a watan Maris, ranar ma'aikatan walwala ta duniya.