Me ya haɗa allurar ciwon gaɓɓai da gwajin tarin fuka?

Maman Amira:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Hajiyarmu ta kai shekara 6 tana fama da amosanin gaɓɓai, da safe yatsun nan a kumbure suke a sandare ko carbi ba ta iya ja, maganin methotrexate ɗin ya daina yi mata, yanzu likita ya ce za a koma allurar Enbrel amma sai an yi hoton ƙirji da gwajin tibi tukuna. Abin ya ɗaure min kai, matar da ko tari ba ta yi?

Ɗan Famasi:
Wslm Aunty, Allah ya ba Hajiya lafiya. Likitan yana kan daidai wallahi. Sojojin jiki suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai da ake kira saitokin, ɗaya daga ciki shi ne TNF, kuma saƙon ba ya aiki sai ya sauka a kan makarɓarsa da ke jikin ƙwayar halitta, yana sauka sai kumburi da zafi su tashi. A ciwon Hajiya saƙon ne ya ƙi tsayawa. Shi Enbrel makarɓar bogi ce aka ƙera, tun 1998 ake amfani da ita a Amurka, tana yawo a jini tana cafke TNF kafin ya isa ta gaskiyar. To matsalar, wannan TNF ɗin shi ne ke killace ƙwayar tibi da ta kwanta shiru a huhu, mutum yana yawo lafiya lau bai sani ba. Aka ɗauke mai gadi sai ta farka. Kuma mu nan tibi ba baƙo ba ne.

Na Lab:
Ƙari a kai, in aka ce allurar Actemra za a ba ta, ita makarɓar wani saitokin mai suna IL-6 take toshewa, har masu korona mai tsanani an ba su. IL-6 ke sa hanta ta fitar da CRP, sinadarin da ake aunawa a jini don gano kumburi, shi ya sa in an toshe shi sai ka ga gwajin ya fito fes alhali akwai cuta a jiki, zazzaɓin ma ba lallai ya nuna ba. Ku tuna wa likita gwajin ciwon hanta na B shi ma.

Maman Amira:
Na gode sosai, yanzu na gane. Saura maganar ajiya, an ce sai a firij, mu kuwa wutar unguwarmu sai ta kwana biyu ba a kawo ba.

Ɗan Famasi:
Digiri 2 zuwa 8 ake so, kar ta daskare dai. Ku nemi maƙwabci mai sola.