Ta ina mai koyo zai fara da magungunan tsirrai?

Ummu Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina sha'awar sanin yadda ake amfani da ganyayyaki da saiwoyi wajen ƙananan larurori na yau da kullum, irin su kumburin ciki, tashin zuciya da rashin samun barci da wuri, amma duk sanda na fara bincike sai in tarar da tsirrai barkatai, kowanne an ce yana maganin cuta goma. Ina neman shawarar masu sani a kan inda ya kamata in fara da abin da zan kiyaye.

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗauki tsiro ɗaya ko biyu ki san su sosai kafin ki ƙara wani, domin idan kika haɗa biyar a tukunya ɗaya ba za ki san wanda ya yi miki amfani ba, balle wanda ya ɓata miki ciki. Citta tana cikin waɗanda aka fi yi wa bincike, kuma tana rage tashin zuciya. Na'ana'a tana sauƙaƙa kumburin ciki, sai dai mai fama da ƙwannafi ya yi hankali da ita, saboda tana sassauta tsokar da ke rufe bakin tumbi, sai ruwan ciki mai tsami ya riƙa tasowa.

Yadda ake sarrafawa ma ya bambanta. Ganye da fure ba sa son dogon tafasa: a zuba musu ruwan zafi, a rufe kofin na minti 5 zuwa 10. Idan kika ɗaga murfin za ki ga ɗigon ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, ki mayar da shi cikin kofin, don man da ke ɗauke da ƙamshin yana bin tururi ne. Saiwa da sassaƙe kuwa sai an dafa su a wuta kaɗan na kimanin minti 15. A shanya ganye a inuwa, kuma duk wanda ya yi fumfuna a zubar.

Mai Harhaɗa Magani:
Malam Abu Hafsa ya yi bayani mai kyau, amma akwai abin da nake so 'yar'uwarmu ta riƙe. Maganar da ake yawan yi cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa kuskure ce babba. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon itacen sinkona aka tace shi a 1820, digoxin na ciwon zuciya daga ganyen wani fure ya fito, kuma artemisinin, shi ma maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, daga wani nau'in tazargade aka ciro shi. Abin da ke da ƙarfin warkarwa haka yana da ƙarfin yin lahani idan aka wuce ƙima. A farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron Aristolochia. Haka kuma tsiron St John's wort, da ake sha don damuwa, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da magungunan HIV. Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙaramin yaro da mai ciwon hanta ko ƙoda su tambayi likita tukuna.

Binta M.:
Na shaida wannan a gida. Mahaifina yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai ya ƙara da ƙwayoyin tafarnuwa bai gaya wa kowa ba, har muka fara ganin jini a buroshinsa kowace safiya da ɗan tabon taruwar jini a hannunsa ba tare da ya bugu ba. Da likita ya ji, nan take ya sa ya daina shan ƙwayoyin tafarnuwar.

Ummu Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina shan maganin hawan jini kullum, don haka zan kai wa likitata maganar citta kafin in fara, na'ana'a kuma zan haƙura da ita, tunda ƙwannafi yana damuna da dare.